Ƙafa a Ɗaure, Rufi a Tsage

Ban taɓa shan wuya irin ta wannan azumin ba, kuma ba na fatan in ƙara. Ba na bana nake nufi ba, ko da yake shi ma ya gasa mu. Na shekara talatin da wani abu da suka wuce nake nufi, lokacin da watan ya faɗo tsakiyar bazara kamar yadda ya sake zagayowa yanzu. Ranar nan ina kan wani gini a Ƙofar Kaura, rana ta take, sai na ji jiri ya ɗebe ni. Na zauna a kan bulo na dafe kai. Leburorina suka ce, "Baba, ka sauka." Na sauka. A wancan karon ban sauka ba, faɗowa na yi.

Ni magini ne. Ina aji uku aka cire ni daga firamare aka haɗa ni da ginin ƙasa, don haka karatuna bai wuce in haɗa baƙi da ƙyar ba. A lokacin cikin gari kusan duk soro ne, kuma bazara ita ce kakarmu, kowa na son a yaɓe mashi rufi kafin ruwa ya sauka. Na yi ta bin rufin mutane, nawa na bar shi sai ƙarshe. Na dai tara ƙasa a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Guga, na zuba mata ciyawa da makuba, garin ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa ratsa yaɓe. Na ce da matata Rabi, "Ina gama na Alhaji zan yi namu."

A kan rufin Alhajin na faɗo, a satin farko na azumi, gab da azahar. Ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye. A amalanke aka kawo ni gida. Aka ɗauko wani tsoho mai ɗori daga Batagarawa, Baba Mamman, ya zo a kan kekensa. Ya ja ƙafar, ya jera mata kara, ya ɗaure da tsumma. Da ya gama ya ce, "Magini, ka ji da kyau. In ka taka ƙafar nan kafin in ce ka taka, a karkace za ta ɗoru. Ka gama hawa tsani kenan har ka mutu."

Ba ni da wata sana'a. Ba ni da gona. Ƙafar nan ita ce abincin gidana.

To kuma aka shimfiɗe ni a ɗakin da ban yaɓe ba. Ɗaki ɗaya gare mu. Ina kwance rigingine, abin da ke gaban idona kullum shi ne rufi. Na san tsagar da ke samansa, ni na gan ta da idona tun kaka. Na san azarar da ta ruɓe ta wajen indararo. In iska ta taso, ƙasa ta riƙa zubowa siririya ta wurin tana sauka a kan tabarma. Irin wannan rufin in ruwan farko ya same shi a haka, yana shan ruwa ya yi nauyi ya rufto. Na sha ganin an haƙo mutane daga ƙarƙashin irinsa.

Ubangidana da ya zo duba ni na yi mashi maganar. Ya ce, "Bayan Salla, Lawal, ka ga yadda aiki ya yi mana yawa." Ban sake yi mashi ita ba. Bakina bai iya roƙo sau biyu ba.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo, wani lokaci ba miya sai gishiri da barkono. Kafin hantsi ɗakin ya zama tanda. Zufa ta jiƙa tabarma, ƙurajen zafi suka feso mani a baya, cikin ɗorin kuma ƙaiƙayi kamar tururuwa na yawo, ba halin sosawa. Liman ya aiko cewa in ajiye azumi in rama daga baya. Na ƙi. Ko na ajiye, mi zan ci da rana? Famfon unguwa ya ƙafe, ruwa sai na rijiya, shi ma an rage. Rabi ta koma yi wa maƙwabta dakau, tana goye da ɗiyarmu, tana azumi, tun safe ƙarar taɓarya har la'asar. Kunun buɗa baki kullum ƙara tsinkewa yake. Wata rana sai an miƙo kwanon ƙosai ta katanga sannan mu san mun sha ruwa.

Ni kuwa sai faɗa. Abu kaɗan in hau Rabi. Har ruwan randa nake sa wa ido, ina cewa yana saurin ƙarewa. Ita dai ta ce, "To, Malam," ta wuce.

Juma'a ta fi kowace rana yi mani zafi, saboda ina jin takun mutane a lungu suna tafiya masallaci ni ina kwance. Amma kuma ita ce ranar da nake jira, don abubuwa uku ke zuwa a cikinta.

Da safe Baba Mamman ke zuwa ya kwance ɗorin, ya gyara, ya sake ɗaurewa. Yana da wata al'ada. Juma'ar farko yana riƙe da ƙafar ya ce, "Mi ka gode wa Allah a kai satin nan?"

Na ce, "Baba, ƙafa a karye, gida ba hatsi..."

"Ban tambaye ka ƙafa ba. Abu guda."

Na tsaya tunani. Can na ce, "To, a kan tarin yashi na faɗo, ba kan dutse ba." Kafin in rufe baki ya fizgi ƙafar. Na ƙwala ihu. Ya yi dariya ya ce, "Ka gani? Da hannuna ka tsaya kallo, da ka sandare jiki mun sha wahala ni da kai. Sati mai zuwa ka kawo sabo. Ba na karɓar wanda aka taɓa faɗi."

Na ɗauke shi wayon tsofaffi, kuma wayon ne. Amma ya ba ni aiki. Ina kwance ina neman abin da zan kai mashi. Sati na biyu na ce mashi ɗiyata ta fara rarrafe, kuma wurina ta nufo. Da ina kan rufin mutane ba zan gani ba.

Bayan an sauko masallaci sai Sule tela, abokina tun yarinta, ya biyo. Sule mayen sinima ne. Ya ce ya tuba saboda azumi, amma yana da tsofaffin finafinan Indiya a kansa, ya riƙa ba ni guda duk sati. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, shi yake ƙirƙirar maganar. Ya tashi tsaye a tsakar ɗaki, ya zama sarkin 'yan fashi, ya juya ya zama uwar yaro tana kuka, ya ce, "Sai ya ce mashi, kai ɗan banza, ubana ka kashe a tashar jirgi!"

Na ce, "Kai Sule, wancan satin ma a tashar jirgi aka kashe uban."

"To su can duk a nan ake kashe iyaye. Ka taɓa zuwa ne?"

Rabi na daga waje tana ƙunshe dariya. Shi ne kaɗai lokacin da nake jin dariyarta a sati.

Na ukun littafi ne. Matan lungunmu suna da wani littafin Hausa da suke zagayawa da shi, kowane gida kwana guda, ta kan katanga ake miƙa shi. Na wata dattijuwa ce, Malama Hadiza, gwauruwa mai koyarwa a firamare. Mu ranar Juma'a yake faɗowa gidanmu, Asabar da safe ya wuce. Bangonsa ya yage, har yau ban san sunansa ba. Rabi ta gama firamare, tana karatu tiryan-tiryan. Da farko na ce ta kai shi can, ƙaryar mata ce. Ta zauna bakin ƙofa bayan la'asar tana karantawa a bayyane, wai don kanta. Labarin wani mai tireda ne da baƙo ya ba shi ajiyar akwati ya tafi bai dawo ba, talauci ya kama mai tiredar, 'yan'uwansa na ta zuga shi ya fasa. Ban san lokacin da na ce, "Ke, ɗaga murya" ba. Tana karantawa leɓenta a bushe, ta tsaya ta haɗiyi yawu ta ci gaba, har a kira magariba. Sauran kwana shidan ina kwance ina gardama da mai tireda a raina, ya fasa ko kada ya fasa. Ya fi mani kallon azara.

Haka muka ja har goman ƙarshe. Nan ne gabas ta fara haɗa hadari. Kullum da yamma ya taso baƙi ƙirin, a yi cida, iska ta kaɗa, ya watse. Zafin ya canza, ya zama mai danƙo, numfashi ma da ƙyar. Kowa a gari yana roƙon ruwa, ni kaɗai nake roƙon ya dakata. Ranar Laraba iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Na jawo wuƙa na fara yanka tsumman ɗori. Rabi ta shigo ta gan ni.

"Malam, mi kake yi?"

"Abin da kika gani. Tsagar kaɗai zan toshe in sauko."

"Da wace ƙafar?"

"Ke za ki hau? In ya rufto a kanki da yarinyar nan, ƙafar mi za ta yi mani?"

Ta sa hannu ta karɓe wuƙar, abin da ba ta taɓa yi mani ba, ta ɗaure inda na yanka ta fita. Na bi ta da maganganun da ba zan maimaita a nan ba.

Juma'ar ƙarshe Baba Mamman ya zo da laka a ƙafar wandonsa. Ya ce jiya an yi ruwa ta wajensu, har ya kwanta a hanya. Ya kama ƙafata ya ce, "To, na satin nan fa?"

Na ce, "Babu."

Ya dube ni. Ya yi aikinsa, ni kuma jikina a sandare, na ji zafin da ban ji ba tun ranar farko. Da zai fita ya ce, "Ƙashi ya fara kamawa. Yanzu ne ya fi haɗari. Ko fitsari a zaune."

Na ce to. Amma na riga na yanke shawara. In maza suka watse masallaci, ba mai riƙe ni, zan ja jiki in hau.

Ana kiran salla na farko, lungu ya fara yin shiru, sai na ji sallama. Malama Hadiza ce. Ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta bayan labule, ta tare hanya gaba ɗaya.

"Lawal, ya jiki? Rabi ta ce maƙogwaronta ya bushe, yau ni zan yi maka karatun."

"Malama, ai sai la'asar muke yi."

"La'asar ina da baƙi. Ina kuka tsaya?"

Ba a gardama da Malama Hadiza, ita ta koyar da rabin unguwar. Ta fara karatu da muryar aji, da ƙarfi kamar akwai yara sittin a gabanta. Ina ta ƙulla yadda zan sallame ta. Sai na ji wani sauti a ƙarƙashin muryarta, caɓal, caɓal, ana taka laka. Ashe nan ruwan randa ke tafiya, duk ruwan wanke-wanke da na wanki a kan ƙasata Rabi ke juyewa har ta jiƙu ta kwana. Sai ƙarar tsani a jikin bango. Sai taku a saman kaina. Ƙasa ta zubo mani a ƙirji.

A cikin gari mace ba ta hawa rufi. Mu maza ma in za mu hau sai mun ɗaga murya mun sanar, don matan maƙwabta su suturta. Macen da aka hango a sama kuwa, ita da mijinta sun shiga bakin unguwa har jikoki. Lokaci guda ne ba namijin da zai gan ta, shi ne wanda ni ma na zaɓa.

Na yunƙura zan tashi. Malama ta ɗaga labule, ta yi ƙasa da murya.

"Kwanta. In ka yi ihu Rabi ta firgita, ka san tsawon ɗakin nan, kai ka gina shi."

"Malama, akwai ruɓaɓɓiyar azara. Ba ta san wurin ba."

"To faɗa mani, a hankali."

"Wajen indararo. Kada ta matsa kusa da shi da ƙafa. Ta kwanta rub da ciki ta miƙa hannu."

Malama ta juya ta faɗa wa matan da ke ƙasa, su biyu ne maƙwabtanmu, suna cura ƙasa suna miƙawa a kwano. Na ji an isar da saƙon sama. Takun ya tsaya, sannan na ji jan jiki.

"Ta fara jiƙa tsagar kafin ta cusa, in ba haka ba ba zai kama ba. Ta danna da dunƙulen hannu. Ta shafe ya gangaro ta wajen indararo, kada ta bar kwari."

"Sai mi?"

"Shi kenan. Ta yi sauri."

Malama ta saki labule ta koma karatunta, don ko wani ya gifta ta lungu ya ji karatu kawai ake yi. Ni ko kalma ɗaya ban ji ba. Idona na kan azarar nan. Duk motsin Rabi sai ta ɗan lotsa, ƙasa ta zubo. Na damƙe gefen tabarma har farcena ya shige. Tsakar rana ce, na san yadda rufi ke yi a wannan lokacin, ko mu da muka saba sai mun ɗaura tsumma a ƙafa. Ita ba ta san wannan ba, kuma azumi take, irin jirin da ya kayar da ni yana nan yana jiranta. Ina jiyo huɗuba daga nesa, ina roƙon liman ya ja ta, ni da kullum nake ƙorafin yana tsawaitawa.

Aka tayar da salla. Aka sallame. Rabi ba ta sauko ba. Na fara jin muryoyi a bakin lungu, sai ga sallamar Sule a zaure.

Malama ta miƙe ta fita da sauri. Na ji ta tana cewa, "Yauwa Sule, kai nake nema. Tsaya nan. Ɗinkin jikokina na Salla, yau sati nawa?"

"Malama, wallahi saura hannu kawai..."

"Hannu? Bara ma hannu ka ce, aka yi idi da riga ba hannu."

Ta tsare shi a zaure tana wanke shi, yana ba da haƙuri. A cikin wannan na ji tsani ya motsa, taka ɗaya, taka biyu, a hankali, har na ji ƙafa ta dira ƙasa.

Sule ya shigo yana share zufa. Ya dubi tsani, ya dubi inda tarin ƙasa yake a da, ya dubi sawun laka ƙanana a tsakar gida. Ya ce, "Mutumina, wa ya yi maka yaɓe?"

Na ce, "Aljanu."

Ya ce, "To Allah ya saka wa aljanu." Ya ɗauki tsanin ya kwantar a bayan ɗaki, ya sa ƙafa ya shafe sawun. Ranar bai ba ni fim ba, kuma har ya rasu ban ji maganar a bakin kowa ba.

Rana ta samu ta ɗan busar da yaɓen. Gab da magariba hadari ya haɗu, wannan karon bai watse ba. Iska ta fara, ta kwashe kwanoni a tsakar gida, sai ruwa kamar ana jifa da tsakuwa. Yaran unguwa na ta ihu a waje. Mu muna ciki, Rabi ta rungume yarinya a bakin ƙofa inda na ce ta zauna don in an ji ƙara ta fice. Ni ina tsakiya, ba inda zan je. Ina sauraron indararo. Da na ji ya fara zuba da ƙarfi na san ruwan gangarowa yake, ba kwanciya ba. Kusurwa ɗaya ta yi yoyo, muka tara kwano. Azarar ba ta motsa ba. Aka kira salla, muka buɗa baki da ruwan da ya taru a bokiti, mai sanyi, mai ɗanɗanon ƙasa.

Da ta miƙo mani kofin ne na ga hannunta ya ɗaɗɗaye. Na ce ta nuna mani ƙafarta. Ta ƙi. Na ce ta nuna. Tafin duk ya tashi, ya yi ƙwal-ƙwal da ruwa, wani wurin ya fashe. Sai ta ce, "Yaɓen ya karkace ta gefe ɗaya, Malam. In ka warke ka gyara."

Ban ƙara taɓa ɗorin ba sai da Baba Mamman ya kwance shi da hannunsa, bayan Salla da makonni. Ƙafar ta ɗoru sak. Da ita na ci gaba da hawa har yau. Yanzu rufinmu kwano ne, ba mai yaɓe. 'Ya'yana kowa da wayarsa, fim a ciki, littafi a ciki, kowa ya toshe kunne ya juya wa ɗan'uwansa baya, ban san mi suke gani ba. Rabi sai da tabarau take karatu, kuma ta fi saurin gajiya. Duk da haka ranar Juma'a bayan la'asar in na ce, "Ke, ina muka tsaya?" takan ɗauko littafi.

Washegarin ruwan, Asabar da safe, ta yunƙura za ta tashi ta kasa taka ƙasa. Ga geron mutane na dakau yana jira. Na ja gindi, ƙafar a miƙe a gabana, na fito tsakar gida karo na farko tun da aka kawo ni. Ƙasa a jiƙe, iska mai sanyi. Na jawo turmi na karkato shi, na kama taɓarya ta tsakiya na fara daka a zaune. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce a miƙo littafi, yau kwanansu ne. Na ce ta yi haƙuri zuwa azahar. Na ce da Rabi ta sa ƙafafunta a ruwan kwano, ta koma inda Malama ta fara jiya, don ban ji komai ba.